Foldar sabar ta maƙale alhali aikin kwana tara yana gudana: yadda za a kwance ta ba tare da an kashe kwamfuta ba

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki da kwamfuta mai Linux, kuma yau kwana tara ke nan tana gudanar da wani dogon lissafi da nake sa ran zai kammala nan da kwana huɗu. Akwai foldoji biyu da aka ɗaura mini daga sabar ta hanyar NFS, tsarin da yake sa foldar da take kan wata kwamfuta ta bayyana kamar a kan tawa take. Ta farko, `/mnt/bincike`, tana kan wata tsohuwar sabar da aka kashe aka ɗauke shekaranjiya ba tare da an sanar da ni ba, kuma tun daga lokacin duk umarnin da ya taɓa ta sai ya tsaya cak, har da `df` da manhajar duba fayiloli. Ta biyu, `/mnt/ajiya`, sabar ɗinta tana nan lafiya, amma tun da aka sauya mata faifai, da na leƙa sai a rubuto mini "Stale file handle". Na gwada `umount`, umarnin kwance folda, a kan duka biyun: ɗaya ya ce "target is busy", ɗayan kuwa ya yi shiru har yanzu. Abokin aikina ya ce in kashe kwamfutar in sake kunnawa, alhali lissafin ba ya ajiye inda ya kai, wato in na kashe zan koma farko. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki kashe kwamfutar. Abin da kika kwatanta ana warware shi a mafi yawan lokuta kwamfuta tana kunne, kuma ko da ya ƙi warwaruwa gaba ɗaya, ana iya kawar da shi daga hanya har lissafin ya kammala. Sai dai ki lura cewa cuta biyu ce kika kawo mini, kuma kowace da maganinta. Wanda ya ɗauke su abu ɗaya shi ne yakan ɗauko babban makami ya afka wa ƙaramar matsala, ya yi asarar da bai kamata ba.

Bari in fara da `/mnt/ajiya`, domin ita ce mai sauƙi. A tsarin NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984, kwamfutarki ba ta ambaton sunan fayil a duk lokacin da za ta karanta shi ko ta rubuta a cikinsa. A karon farko sabar tana ba ta wata lambar shaida da ke wakiltar fayil ɗin ko foldar, daga nan kuma da wannan lambar ake ci gaba da magana. A sabar mai Linux lambar takan ƙunshi alamar faifan da fayil ɗin yake kai, da lambar fayil ɗin a cikin faifan, da wata lamba ta uku da ke bambanta shi da duk fayil ɗin da ya taɓa zama a gurbinsa. Da aka sauya faifai aka kwafo bayanan zuwa sabo, sunaye sun zauna yadda suke amma lambobin sun canza, saboda haka kwamfutarki tana miƙa tsohuwar shaida, sabar kuma tana amsa mata nan take cewa ba ta san wannan ba. Wannan amsar ce kuskure mai lamba 116 a Linux, wanda kike gani a rubuce. Abin farin ciki a nan shi ne sabar tana amsawa, don haka babu abin da zai rataye yana jira. Abin da ya hana kwancewa shi ne akwai wani shiri da har yanzu yake riƙe da foldar, kuma da an same shi an sallame shi, `sudo umount /mnt/ajiya` sannan `sudo mount /mnt/ajiya` sun wadatar, domin sabon ɗauri yana karɓo sababbin lambobi.

Ita kuwa `/mnt/bincike` labarinta daban ne, domin babu mai amsawa ko kaɗan. In ba a faɗi wani abu ba wajen ɗaurawa, Linux yana ɗaura NFS da zaɓin `hard`, ma'ana duk buƙatar da aka aika ba a samu amsa ba za a yi ta maimaita ta har abada. A kan TCP, hanyar haɗin da NFS ya saba bi, ana jiran daƙiƙa 60 kafin a sake aikawa, bayan an maimaita sau biyu sai a rubuta a kundin tsarin cewa sabar ba ta amsawa amma ana ci gaba da gwadawa, kuma za ki ga wannan layin idan kika duba `sudo dmesg`. Da gangan aka tsara shi haka, saboda sabar da ta ɗauke na minti biyar ta dawo kada ta jawo wa kowa asarar abin da yake rubutawa. Matsalar ita ce tsarin ba shi da hanyar sanin bambanci tsakanin sabar da za ta dawo da wadda aka naɗe wayoyinta aka tafi da ita. Duk shirin da ya taɓa foldar sai ya shiga wani irin barci da `ps` yake nunawa da harafin D, kuma Linux yana ƙirga irin waɗannan shirye-shirye cikin ma'aunin nauyin aiki, shi ya sa za ki iya ganin ma'aunin ya haura sosai alhali kwamfutar ba wani ƙarin aiki take yi ba. Kada wannan adadin ya tsorata ki.

Kafin ki taɓa komai, ki shirya wurin aiki. Ki buɗe sabuwar tagar umarni, ki rubuta `cd /` domin ki tabbata ba a cikin ɗaya daga cikin foldojin kike tsaye ba, sannan ki haƙura da maɓallin Tab wajen cike sunan folda, domin cikewar kanta leƙa foldar take yi, kuma za ta maƙalar miki da tagar. Ki rubuta sunan da hannu, cikakke daga tushe. Idan allon gaba ɗaya ya daskare saboda manhajar duba fayiloli, Ctrl da Alt da F3 za su kai ki wani allon rubutu inda za ki shiga da sunanki, kuma wannan ba ya taɓa abin da ke gudana a ɗaya gefen. Domin ganin abin da aka ɗaura, ki yi amfani da `findmnt -t nfs,nfs4` ko ki karanta `/proc/mounts`, saboda su a wurin ƙwayar tsarin, wato zuciyar Linux da ake kira kernel, suke ɗauko bayani ba tare da sun tuntuɓi sabar ba. Idan girman faifai kike son gani, `df -l` yana tsayawa a kan faifan gida kawai. Idan kuma kina son gwada ko folda tana da rai, ki sa wa gwajin wa'adi, kamar `timeout -s KILL 10 stat -f /mnt/bincike`, ta yadda bayan daƙiƙa goma za a kashe shi a dawo miki da tagarki.

Tambaya mafi muhimmanci a wannan aiki duka ita ce: shin lissafin naki yana riƙe da wani abu a cikin foldojin nan? A wasiƙarki ba ki faɗi inda yake karatu da inda yake rubutu ba, kuma duk shawarar da ke tafe a kan wannan ta rataya. Mutane sukan garzaya wurin `lsof` ko `fuser`, umarnin da suke nuna masu riƙe da fayiloli, amma su ma sukan maƙale, domin suna ƙoƙarin duba fayilolin da suke lissafawa. Zaɓin `-b` yana rage wa `lsof` wannan hali, sai dai ni na fi natsuwa da tambayar `/proc`, inda Linux yake nuna bayanin kowane shiri mai gudana, kai tsaye: `sudo find /proc/[0-9]*/cwd /proc/[0-9]*/fd -lname '/mnt/bincike*'`. Wannan zai fito miki da lambar duk shirin da yake tsaye a cikin foldar ko ya buɗe fayil a cikinta, ba tare da ya aika wa sabar ko harafi ɗaya ba. Ki bi shi da `sudo grep -l /mnt/bincike /proc/[0-9]*/maps`, saboda akwai shirye-shiryen da suke shimfiɗa fayil a ƙwaƙwalwa su rufe shi, kuma na farkon ba zai gan su ba. Ki maimaita duka biyun a kan `/mnt/ajiya`.

Idan lambar lissafin ba ta fito ba, to hankalinki ya kwanta, abin da ya rage shara ce. Idan ta fito a `cwd` kaɗai, wato daga cikin foldar kika tayar da shi amma a faifan gida yake aikinsa, kada ki kashe shi kuma kada ki yi ƙoƙarin kwancewa ta ƙa'ida, domin ba za ta yiwu ba muddin yana gudana. Kwancewar jinkiri da zan yi bayani a ƙasa ita ce taki. Idan kuwa ya buɗe fayil na rubutu a kan matacciyar sabar, to akwai yiwuwar ya daɗe da tsayawa kina zaton yana aiki. Ki duba da `ps -o pid,stat,time,wchan:30,cmd -p` tare da lambarsa, ki jira minti ɗaya ki sake dubawa. In lokacin aikinsa yana ƙaruwa, yana da rai. In yana kan D lokacin kuma bai motsa ba, to jira yake, kuma hanya ɗaya tak da za ta cece shi ita ce a dawo da ainihin sabar ɗin.

A kan wannan batu zan ɗan tsaya, domin a nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Idan shiri ya rubuta bayanai a folda ta NFS, ba nan take suke isa sabar ba. Sukan zauna a ƙwaƙwalwar kwamfutarki na ɗan lokaci kafin a tura su. Idan sabar ta ɓace a wannan tsakanin, bayanan suna nan a ƙwaƙwalwa suna jira, kuma za su isa lafiya ranar da ta dawo da adireshinta da faifanta. Duk wata dabarar tilastawa da zan ambata tana jefar da su. Ki duba layukan `Dirty` da `Writeback` a `/proc/meminfo`: idan `Writeback` ya tsaya a wani adadi ya ƙi sauka zuwa kusan sifili, alama ce cewa akwai abin da ya maƙale a hanya. Tun da kin ce ɗauke sabar aka yi, ba lalacewa ta yi ba, shawarata ta farko ita ce ki nemi mai kula da ita ya kunna ta na rabin sa'a a kan tsohon adireshinta. Da ta dawo, ki ba ta kamar minti biyu, saboda sabar NFS mai Linux takan ware kusan daƙiƙa 90 bayan tashi domin tsofaffin abokan hulɗa su karɓi makullansu kafin ta saurari sababbin buƙatu. Za ki ga kundin tsarin ya rubuta cewa sabar ta dawo, shirye-shiryen da suka daskare su farka da kansu, sannan ki kwance foldar da `umount` na yau da kullum a kashe sabar a tafi da ita. Babu wata dabara a wannan amsa da ta kai wannan tsabta, kuma roƙon rabin sa'a bai kai asarar kwana tara ciwo ba.

Idan hakan ba zai samu ba, sai a bi mataki-mataki, daga mai laushi zuwa mai tsanani. Ki rufe abin da yake rufuwa cikin lalama: tagogin umarni da suke tsaye a foldar, manhajar duba fayiloli, da duk editan da ya buɗe wani abu a can. Waɗanda suka ƙi, ki aika musu `kill` da lambarsu ɗaya bayan ɗaya, in ba su ji ba ki ƙara `-9`. Tun daga Linux 2.6.25 na shekarar 2008 aka daina aiki da tsohon zaɓin `intr`, aka mayar da yawancin jiran NFS irin wanda wannan siginar kisa take iya katsewa, saboda haka `df` da `ls` da suka rataye za su mutu ba gardama. Masu taurin kai su ne waɗanda suke da rubutun da bai isa ba, domin kafin shiri ya fita sai ya rufe fayilolinsa, rufewar kuma tana jiran a tura abin da ya rage. Har ila yau kada ki rubuta `sync` a wannan hali da niyyar taimakawa, domin shi ma zai shiga layin masu jira.

Akwai umarni ɗaya da nake roƙonki ki nisance shi a wannan makon, shi ne `fuser -km`. Aikinsa shi ne kashe duk shirin da yake amfani da faifan da sunan da aka ba shi yake kai. Na taɓa yin wannan kuskure a wani wurin aiki: na riga na kwance folda da kwancewar jinkiri, na manta, sai na bi ta da `fuser -km` a kan sunanta domin in share ragowar. A lokacin sunan ya koma folda ce kawai mara komai a kan babban faifan kwamfutar, don haka umarnin ya fahimci cewa duk mai amfani da babban faifan nake nufi. Kafin in ɗaga yatsa daga maɓalli allon ya yi baƙi, ya dawo mini da shafin shiga, kuma aikin da nake ta kaffa-kaffa da shi ya tafi tare da sauran. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Akwai zaɓin `-M` da yake hana umarnin aiki in sunan ba wurin ɗauri ba ne, amma ke da kike da lissafin kwana tara a kan wannan kwamfuta, kisa da lamba ɗaya-ɗaya ya fi miki, ko da zai ɗauki minti goma.

Bayan an rage masu riƙo sai ki gwada `sudo umount -f /mnt/bincike`. Abin da tilastawar take yi shi ne ta soke buƙatun da suke kan layi suna jiran sabar, ta mayar wa masu su da kuskuren karatu ko rubutu, sannan ta gwada kwancewa. Sau da yawa karon farko yakan ce foldar tana da mai riƙo, domin shirye-shiryen da aka sako ba su gama fita ba, ko kuma sun sake aika wata buƙatar. Wannan ba gazawa ba ce. Ki jira daƙiƙa kaɗan, ki sake duba masu riƙo, ki kashe wanda ya rage, ki maimaita. A karo na biyu ko na uku yakan wuce. Idan aka ci gaba da cewa akwai mai riƙo alhali `/proc` bai nuna kowa ba, ki duba wurare uku da ake mantawa da su: wani ɗauri da yake ƙarƙashin wannan foldar, wanda `findmnt -R /mnt/bincike` zai nuna kuma dole a fara kwance shi, fayil ɗin hoton faifai da aka buɗe daga can, wanda `losetup -a` zai nuna, da kuma kwantena ko injin kwaikwayo da aka miƙa wa foldar.

Idan `uname -r`, mai faɗin zubin Linux ɗinki, ya nuna miki 6.5 ko sama da haka, kina da wata ƙofa da tsofaffin tsare-tsare ba su da ita. Ki nemi lambar ɗaurin da `findmnt -o TARGET,MAJ:MIN /mnt/bincike`, za ki ga abu kamar 0:53, sannan ki rubuta 1 a cikin fayil ɗin `shutdown` da yake ƙarƙashin `/sys/fs/nfs/` a foldar mai wannan lamba. Wannan yana gaya wa ƙwayar tsarin cewa ta yanke ƙauna da wannan ɗauri: buƙatun da suke jira za a soke su, sababbi kuma za a mayar da su da kuskure nan take. Ba a janye shi in an yi, kuma rubutun da bai isa ba ya tafi ke nan, amma ga sabar da aka tabbatar ba za ta dawo ba, shi ne abin da ya fi dacewa da matsalar. Ki tabbata lambar ta `/mnt/bincike` ce kika ɗauka, ba ta ɗayar ba.

Sai kwancewar jinkiri, wato `sudo umount -l /mnt/bincike`, wadda take cikin Linux tun 2.4.11, kuma ita ce kowa yake fara ba da shawararta saboda ba ta taɓa cewa a'a. Ya kamata ki san abin da take yi da abin da ba ta yi. Tana cire foldar daga jerin sunaye nan take, ta yadda sabon shiri ba zai ƙara faɗawa ramin ba, `df` ya dawo daidai, manhajar duba fayiloli ta buɗe. Amma waɗanda suka riga suka riƙe wani abu suna nan riƙe da shi, ƙwayar tsarin tana ci gaba da neman sabar a ɓoye, kuma ba za a saki ɗaurin da gaske ba sai mai riƙo na ƙarshe ya tafi. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Wani abin da ya fi damuna da ita shi ne tana ɓatar da sawu: bayan an yi ta, sunayen da `/proc` yake nunawa ba sa ƙara farawa da `/mnt/bincike`, don haka neman masu riƙo yana ƙara wuya, kuma ba ki da sunan da za ki ba `umount -f`. Saboda haka ki rubuta lambobin masu riƙo a takarda kafin ki yi ta, kuma ki sa ta a ƙarshen layi. Littafin jagorar `umount` da kansa yana gargaɗin cewa wanda ya yi wa folda ta hanyar sadarwa wannan kwancewa ya sa ran sake kunna kwamfuta nan gaba kaɗan, kuma sake ɗaura wannan foldar kafin nan yana iya ƙi. A halinki wannan ba komai ba ne, tunda kwana huɗu kike nema kuma sabar ba dawowa za ta yi ba. Ga `/mnt/ajiya` kuwa, wadda kike son ci gaba da amfani da ita, ki yi iya ƙoƙarinki ki kwance ta ta ƙa'ida.

Akwai wata tsohuwar dabara da wataƙila wani zai kawo miki, gara ki ji ta daga wurina tare da haɗarinta. Ana ɗora adireshin matacciyar sabar a kan kwamfutar kanta, misali `sudo ip addr add 192.168.10.20/32 dev lo`, a tayar da manhajar sabar NFS a gida, ta yadda buƙatun da suke jira za su samu mai amsa musu, ko da amsar ita ce ba a san lambarsu ba. Wato an mayar da cutar `/mnt/bincike` ta zama irin ta `/mnt/ajiya`, wadda muka san maganinta. Adireshin kaɗai ba tare da mai amsawa ba sau da yawa ba ya wadatarwa, domin ɗaurin `hard` yana ɗaukar ƙin karɓar haɗi a matsayin dalilin sake gwadawa. Haɗarin shi ne, a yadda Linux yake zuwa, yana iya amsa wa sauran kwamfutocin da ke hanyar sadarwa cewa shi ne mai wannan adireshi, ko da a kan `lo`, haɗin cikin gida da kwamfuta take magana da kanta ta cikinsa, aka ɗora shi. Idan an riga an ba wata na'ura adireshin, kin janye mata zirga-zirgarta ke nan ba da saninki ba. In har za ki yi, ki sanar da mai kula da hanyar sadarwa tukuna, ki cire adireshin da `ip addr del` da zarar an kwance, ki kuma tsayar da manhajar sabar da kika tayar. Ni dai ba zan kai ga wannan ba a kan kwamfutar da take ɗauke da aikin da ba a son ya tsaya, matuƙar kwancewar jinkiri za ta kai ni ranar kammalawa.

Da an kwance, saura ki hana abin dawowa da ƙafarsa. Idan `findmnt` ya nuna `autofs` a kan wannan suna, to akwai mai ɗaurawa da kansa da zarar an leƙa, kuma sai kin tsayar da shi (in na systemd ne, da `sudo systemctl stop mnt-bincike.automount`), in ba haka ba leƙawa ta gaba za ta sake neman sabar. Ki buɗe `/etc/fstab`, jerin abubuwan da ake ɗaurawa lokacin kunnawa, ki goge layin tsohuwar sabar ko ki sa masa alamar # a farko, sannan ki rubuta `sudo systemctl daemon-reload`. Wanda ya manta wannan yakan gamu da shi ranar kunnawa, lokacin da kwamfuta za ta tsaya tana ƙirga daƙiƙa 90 tana jiran abin da babu shi. Ki cire foldar daga jerin wuraren da manhajar duba fayiloli take tunawa, ki kuma duba ko sunanta yana cikin `PATH`, jerin foldojin da ake neman umarni a cikinsu, domin in yana ciki kowane umarni da kika rubuta zai iya bi ta can kafin a same shi.

Ga layin `/mnt/ajiya` kuwa, ina ba ki shawarar ki ƙara masa `noauto,x-systemd.automount,x-systemd.idle-timeout=600`, ta yadda ba za a ɗaura foldar ba sai an buƙace ta, kuma za a kwance ta bayan minti goma babu mai amfani da ita. Foldar da ba a ɗaure take ba lokacin da aka taɓa sabar ba ta da tsohuwar lambar da za ta riƙe. Za ki ji masu cewa ki mayar da ɗaurin `soft` ki huta, domin shi yana haƙura bayan 'yan gwaje-gwaje ya mayar da kuskure. Ga foldar da karatu kawai ake yi a cikinta, tare da zaɓin `ro`, ban ga laifinsa ba. Ga wadda ake rubutu a cikinta ba na ba da wannan shawara, domin jagorar NFS ta Linux ta yi gargaɗin cewa yana iya lalata bayanai ba tare da an lura ba, kuma shirye-shirye da yawa ba sa duba ko rufe fayil ya yi nasara. Shi kuma mai kula da sabar, ki gaya masa cewa sa `fsid=` tsayayye a `/etc/exports` yana kare lambobin shaida idan alamar faifai ce kawai ta canza, amma ba ya kare su idan an kwafe fayiloli zuwa sabon faifai kamar yadda aka yi wannan karon; a irin wannan aiki sai dai ya sanar da masu amfani su kwance kafin ya fara.

Idan kin ƙare da kwancewar jinkiri, ki riƙa duba `/proc/fs/nfsfs/volumes` lokaci-lokaci: muddin layin tsohuwar sabar yana ciki, akwai mai riƙo a ɓoye. Ranar da lissafin ya kammala, ki fara kwafe sakamakon zuwa wani wuri ki tabbatar ya buɗu, sannan ki sake dubawa. In layin ya ɓace, babu buƙatar kashe komai. In yana nan, a lokacin ne za ki bi shawarar abokin aikinki, kuma ki sa ran kashewar za ta ɗan jima tana jiran shirye-shiryen da suka ƙi fita kafin ta haƙura da su.